Wiwi A Tsakiyar Masara: Har Yaushe Za Mu Yi Shiru?



Akwai wata magana da ake yi a gindin bishiya bayan an tashi sujada, amma ba ta isa zaman majalisar dattawa. Maganar ita ce, wasu daga cikin 'ya'yanmu sun shiga noman tabar wiwi. Suna ɓoye ta a tsakiyar masara ko dawa, ko a fadama inda ba kowa ke bi ba. Wasu sun koyo ne wajen ci-rani a dazuzzukan Ondo, Edo da Delta, inda aka daɗe ana wannan noma, suka dawo gida da iri a aljihu. Abin ma ya wuce gwaji. Yanzu har da masu tinƙaho cewa sun fitar da irinsu na kansu: kowace damina su zaɓi wadda ta fi bugarwa su ajiye 'ya'yanta, su kira abokai a ɗanɗana, a yaba, har a laƙaba mata suna. Mu kuwa muna gani muna kawar da kai. Mun rubuta wannan domin mu ce shirun ya isa haka.

Masu wannan sana'a suna da hujjoji uku, kuma ya kamata mu amsa su ɗaya bayan ɗaya.

Ta farko, suna cewa ai ganye ne, Allah ne ya halicce shi, har su buɗe maka Farawa 1:29. To, wannan aya maganar abinci take yi. Allah ne kuma ya halicci zaƙami da tinya, amma ba mu taɓa ganin uwar da ta kaɗa wa 'ya'yanta miya da su ba. Ban da haka, wanda yake alfahari da irinsa ya rushe hujjar da bakinsa. Abin da ke gonarsa aikin hannun mutum ne, an tace shi shekara bayan shekara da nufi ɗaya tak, wato ya ƙara gusar da hankali. Sinadarin da ke sa maye a cikin wiwi, wanda ake kira THC, shi ne ke ƙaruwa da irin wannan zaɓe. A Amurka, inda ake auna wadda hukuma ta kama, ƙarfinta ya tashi daga wajen kashi 4 cikin 100 a 1995 zuwa wajen kashi 12 a 2014. Wani babban bincike da aka buga a 2019, wanda aka gudanar a wurare 11 a Turai da Brazil, ya nuna cewa masu shan wiwi kullum sun ninka waɗanda ba su taɓa sha ba sau uku wajen haɗarin taɓin hankali, masu shan mai ƙarfin kullum kuwa kusan sau biyar. Ke nan duk damunar da yaronmu ya ce irinsa ya ƙara kyau, abin da yake nufi shi ne ya ƙara matsar da ɗan wani kusa da asibitin Barnawa a Kaduna ko na Dawanau a Kano. Manzo Bulus ya gargaɗi Afisawa a kan maye (5:18), ya kuma tuna wa Korintiyawa Wanda ya mallaki jikinsu (1 Kor. 6:19-20). Gargaɗin bai tsaya a kan burkutu kaɗai ba.

Ta biyu, suna cewa ƙasashen da suka ci gaba sun halatta ta, mu ne aka bari a baya. Gaskiya ne Kanada ta halatta ta a 2018, Jamus kuma daga Afrilun 2024 ta yarda baligi ya shuka gindi uku a gidansa. Gaskiya ne kuma akwai maganin wata irin farfaɗiya da ake haɗawa daga wani sinadarin wannan tsiro, wanda ba ya bugarwa. Amma a faɗi sauran labarin. Dukan ƙasashen nan biyu sun hana a bai wa yara, a nan kuwa wa yake tambayar shekarun mai saye a bayan tasha? Ƙasar Tailan ta saki dokarta a 2022, da ta ga abin da ya biyo baya sai ta dawo a 2025 ta ce sai da takardar likita. Ghana ta yarda ne da noman irin da THC ɗinsa bai wuce kashi 0.3 ba, shi ma sai da lasisi. Wannan kishiyar abin da 'ya'yanmu ke nema ne. A Nijeriya kuwa doka ba ta canja ba. Dokar soja ta 1966 ta tanadi kisa ko ɗaurin shekara 21 ga mai noma ta. Dokar da ta kafa hukumar NDLEA a 1989 ta tanadi har ɗaurin rai da rai, tare da ƙwace dukiyar da aka samu ta wannan hanya. Ko da ma gobe majalisa ta halatta, tun yaushe ikkilisiya ta fara karɓo ma'aunin tsarki daga majalisa?

Ta uku ita ce ta fi nauyi: talauci. Taki ya yi tsada, hatsi ba ya mayar da kuɗin da aka kashe, ga kuɗin makaranta, ga asibiti. 'Yan'uwanmu na kudancin Kaduna ba su manta da cutar da ta cinye citta a 2023 ba. Ba mu raina wannan kuka ba, domin gida ɗaya muke. Amma mu tambayi kanmu, wa yake saye? Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da Majalisar Ɗinkin Duniya a 2018 ya gano mutum miliyan 14.3 a ƙasar nan suna ta'ammali da miyagun ƙwayoyi, miliyan 10.6 daga cikinsu wiwi ne. Ba aljanu ba ne waɗannan. 'Ya'yan maƙwabtanmu ne, da ɗalibanmu, da yaran da suka daina zuwa zumuntar matasa ba mu bi sawunsu ba. Wanda ya biya wa ɗansa makaranta da kuɗin da ya fitar da ɗan wani daga makaranta, wace riba ya ci?

Yanzu sai mu juyo gare ku, iyayenmu dattawa, da dukan ladabi. Kun san gonar kowa. Kun san wanda gonarsa ba ta fi kadada ɗaya ba amma ya sayi sabon babur ya sa kwano a ɗakinsa a kaka guda. Ranar godiyar kaka ya kawo baiko mai kauri, aka tafa masa, aka kira shi gaba aka sa masa albarka. Shin ba a sani ba ne, ko kuwa ginin majami'a ne ke jiran siminti? Ikkilisiyar da ta karɓi zakkar wiwi ta rufe ido ta sayar da bakinta, ba za ta iya tsawata wa mashayi ba. Ku tuna da Eli firist, wanda aka hukunta gidansa domin ya san abin da 'ya'yansa ke yi bai hana su ba.

Akwai kuma abin da ya shafe mu musamman. A garuruwa da yawa mu 'yan tsiraru ne. Kun san wahalar da ake sha kafin a sami filin majami'a ko na maƙabarta. Abin da ya riƙe mu a tsakanin maƙwabtanmu Musulmi shekara da shekaru shi ne shaidar da ake yi mana, cewa mutanen nan masu gaskiya ne da riƙon amana. Ranar da motar hukuma ta tsaya a gonar mutum ɗaya, ba sunansa za a kira a kasuwa ba, cewa za a yi gonar Kiristoci ce. Wake ɗaya ke ɓata gari. Da wane baki mai bishara zai sake fita wa'azi a wannan ƙauye?

Saboda haka ga roƙonmu. Kowace majalisar dattawa ta sa wannan magana a zamanta na gaba, tun kafin shukar bana. Wanda aka tabbatar yana yi, dattawa biyu su same shi a asirce bisa tsarin Matiyu 18. In ya tuba ya tumɓuke, a rungume shi. In ya ƙi, a sa shi a ƙarƙashin horo, a kuma daina karɓar baikonsa. Wanda shan ya riga ya kama, a kai shi asibiti tare da addu'a, kada a ɗaure shi da mari. Zumuntar mata da ta maza su kafa adashin taki da iri, domin kada mu raba yaro da abin hannunsa mu bar shi da yunwa. Sa'an nan, yaron da ya iya lura da tsiro har ya gane wanda ya fi, baiwa ce Allah ya ba shi. Aikin da masana ke yi ke nan a cibiyar binciken noma ta Samaru, Zariya, a kan masara, dawa, wake da gyaɗa. A juya wannan baiwa zuwa ga abin da za a ci a ƙoshi.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ubangiji ya ba dattawanmu ƙarfin zuciya, ya kuma tsare mana 'ya'yanmu. Amin.