A Riƙa Bin Sawun Bitar Ma'aikatan Jinyar Masu Taɓin Hankali



Ina roƙon fili a wannan jarida mai farin jini domin in yi tsokaci kan bitar da ake shirya wa ma'aikatan jinya masu kula da masu taɓin hankali.

A wannan fanni nake aiki. Kafin a sabunta mana lasisi sai mun nuna shaidar halartar bita, kuma hakan daidai ne. Damuwata ita ce, da an raba satifiket, zance ya ƙare. Ma'aunin nasara bai wuce takardar da muke cikewa ranar rufewa ba, inda kowa ke rubuta "madalla" don ya samu ya tafi gida.

A 2023 aka sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta kuma kare haƙƙin majinyata. To, domin kare wannan haƙƙi, a ɗakin jinya ya kamata a ga tasirin bita. An rage ɗaure majinyaci idan ya fusata? Ana saurin gane illar magani, kamar sandarewar jiki da karkarwa? Me 'yan uwan majinyata ke cewa?

Ina kira ga Hukumar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta wajabta wa masu shirya bita komawa asibitoci bayan wata 6 su duba waɗannan abubuwa.



Wata ma'aikaciyar jinya, Kaduna