Haƙƙin Ɗan Adam: Wa Ke Cin Ribar Ƙin Sa?

A wani wa'azi da aka yi bayan sallar isha'i a ƙofar wani masallaci, na ji wani malami, wanda ba zan kama sunansa ba, ya ɗaga murya yana cewa abin nan da ake kira haƙƙin ɗan Adam makirci ne na Yahudu da Nasara daga tushensa har reshensa, kuma duk Musulmin da ya ambace shi boko ya cinye masa hankali. Jama'a suka yi kabbara. Daga cikin masu kabbarar har da wani dattijo da na sani, wanda ɗansa ya shafe wata 11 a tsare ba tare da ya ga fuskar alƙali ba. Shi ya sa na ga wajibi ne a yi wannan magana a fili, ko da za ta ɓata wa wasu 'yan'uwa rai.

Bari mu fara da inda malamin yake da gaskiya, domin adalci wajibi ne ko ga abokin jayayya. 'Yan boko sun saba fara tarihin haƙƙin ɗan Adam daga takardar Magna Carta ta Ingila ta shekarar 1215. To, wannan takarda manyan masu ƙasa ne suka tilasta wa Sarki John ya amince da ita don kare dukiyarsu da darajarsu, kuma 'yantattu take nufi, alhali mafi yawan talakawan Ingila a lokacin ɗaure suke da gonakin iyayen gidansu. Bayan kamar mako 10 Paparoma ya soke ta. A 1776 Amurkawa suka yi shelar 'yancin kai, suka ce duk mutane daidai aka halicce su, amma Thomas Jefferson da ya rubuta wannan magana ya mallaki bayi sama da 600 a tsawon rayuwarsa, kuma tsarin mulkinsu na 1787 ya ƙidaya bawa a matsayin kashi uku cikin biyar na mutum wajen rabon kujerun majalisa. Ba a haramta bauta a ƙasar ba sai 1865.

Faransa ce ta fi kowa kurari. A watan Agusta na 1789 majalisarta ta fitar da sanarwar haƙƙin mutum da ɗan ƙasa mai sassa 17. Wata mata mai suna Olympe de Gouges ta lura an manta da mata, ta rubuta tata a 1791. A 1793 aka fille mata kai. Amma waɗanda suka tona asirin wannan sanarwa su ne bayin gonakin rake na tsibirin da a yau ake kira Haiti, 'ya'yan Afirka ta Yamma da ta Tsakiya da aka yi jigilarsu cikin sarƙa. Da labari ya iske su cewa an ce kowane mutum ɗa ne, sai suka ɗauki maganar da gaske, suka tashi a 1791. Faransa ta soke bauta a 1794 bisa tilas, Napoleon ya mayar da ita a 1802, bayin suka karya rundunarsa suka kafa ƙasarsu ranar 1 ga Janairu, 1804. Shin ƙasar haƙƙin ɗan Adam ta taya su murna? A 1825 ta aika da jiragen yaƙi ta ɗora musu diyyar kuɗin Faransa miliyan 150, wai don biyan iyayen gijin da suka yi asarar bayinsu. Wato wanda aka sace shi ne zai biya ɓarawo kuɗin kansa!

Ka riƙe labarin Haiti, ya kai mai karatu, domin za mu dawo kansa.

A 1919, wajen taron sulhu na Paris bayan yaƙin duniya na farko, Japan ta nemi a rubuta cewa jinsunan mutane daidai suke. Ta sami rinjayen ƙuri'u, amma shugaban Amurka Wilson, wanda ke jagorantar zaman, ya ce sai kowa ya yarda, maganar ta mutu. A 1945 aka kafa Majalisar Ɗinkin Duniya, kuma wanda ya fi kowa hannu a shimfiɗar kundinta, inda aka ambaci haƙƙin ɗan Adam, shi ne Jan Smuts, firayim ministan gwamnatin fararen fata ta Afirka ta Kudu. Ranar 10 ga Disamba, 1948, a Paris, aka amince da babbar sanarwar nan mai sassa 30. Majalisar na da ƙasashe 58 a lokacin: 48 suka amince, 8 suka yi rowar ƙuri'unsu, biyu ba su jefa ba. Daga duk faɗin Afirka ƙasashe huɗu ne kawai ke da kujera: Misra, Habasha, Laberiya da Afirka ta Kudu. Sauranmu muna cikin aljihun masu sa hannu. Shekara ba ta zagayo ba, ranar 18 ga Nuwamba, 1949, 'yan sandan mulkin mallaka suka harbe masu haƙar kwal 21 a Inugu. A 1959, a sansanin Hola na Kenya, aka yi wa fursunoni 11 dukan da ya kashe su. Abin da ya biyo baya kowa ya gani: Musulmi fiye da 8,000 da aka karkashe a Srebrenica a 1995 a yankin da Majalisar ta ce ta ba da kariya, Gwantanamo tun daga 2002, Abu Guraib a 2004, da Falasɗinu wadda bala'inta ya soma a shekarar da aka rubuta sanarwar kanta.

Duk wannan gaskiya ne, kuma babu mai hankalin da zai nemi mu manta. To amma sai me? Munafuncin mai shaida yana zubar da mutuncinsa ne, ba ya mayar da gaskiyar da ya faɗa ƙarya. Bayin Haiti sun fi malaminmu sanin munafuncin Faransa, domin a bayansu aka rubuta shi da bulala, amma ba su ce a yaga takardar ba. Sun ɗauke ta suka kama marubutanta da ita. Haka masu neman 'yancin kai na Asiya da Afirka suka yi bayan 1948. Kai, ita kanta sanarwar ba Turawa kaɗai suka rubuta ta ba: akwai Charles Malik na Labanan, da P. C. Chang na Sin, da Hansa Mehta ta Indiya wadda ta tsaya sai da aka gyara lafazin sashen farko ya game maza da mata. Misra, Pakistan, Iran, Iraƙi, Siriya, Turkiyya da Afganistan duk sun jefa ƙuri'ar amincewa. Saudiyya ce ta ƙi, saboda sashe na 16 kan aure da na 18 kan sauya addini.

Wannan saɓani na gaske ne, kuma ba ma ɓoye shi. Akwai ma wanda ya fi shi zurfi, wato tushen haƙƙi: su sun jingina shi ga hankalin mutum da yardar gwamnatoci, mu kuwa mun jingina shi ga Mahaliccin da ya karrama 'ya'yan Adam. Amma ina roƙon malamin ya buɗe takardar ya karanta, in har ya taɓa ganin ta. Sashe na 5 ya hana azabtarwa. Na 9 ya hana kamu da tsarewa ba bisa ƙa'ida ba. Na 10 ya wajabta sauraron shari'a a gaban alƙali mai zaman kansa. Na 11 ya ce mutum mai barranta ne har sai an tabbatar da laifinsa. Na 26 ya ce kowa na da haƙƙin ilimi. Wanne ne kafirci a cikin waɗannan? Ashe ba mu ba ne muke karantar da ɗalibai cewa hujja tana kan mai da'awa, kuma jumhurun malamai ba sa gina hukunci kan iƙirarin wanda aka tilasta?

Kalmar haƙƙi ma tamu ce, daga littattafan fiƙihu ta shigo Hausa. Malamai sun raba shi gida biyu: haƙƙin Allah da haƙƙin bayi, suka ce na biyun ba ya faɗuwa da tuba kawai sai an mayar wa mai shi ko ya yafe. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, shekara ɗari da 'yan kai kafin Magna Carta, ya bayyana cewa Shari'a ta zo ne don tsare abubuwa biyar: addini, rai, hankali, zuriya da dukiya; Shaɗibi ya faɗaɗa bayanin a cikin Muwafaƙat. Manzon Allah (SAW) a hajjin ban-kwana ya haramta jinin mutane da dukiyarsu da mutuncinsu. Da ɗan gwamnan Misra ya doki wani Bakibɗe, Sayyidina Umar (RA) kiran uba da ɗa ya yi zuwa Madina, ya miƙa wa wanda aka doka bulala ya rama. A nan ƙasar Hausa Shehu Usmanu ya lissafa zaluncin sarakuna ɗaya bayan ɗaya a Kitabul Farƙ, ya kuma yi tir da malaman da ke barin matansu da 'ya'yansu cikin jahilci.

Sai dai in faɗi wata magana mai ɗaci. Mun mayar da waɗannan labarai abin ado na mumbari. Duk lokacin da aka ta da batun haƙƙin ɗan Adam sai mu ce Musulunci ya riga su da shekara dubu da ɗari huɗu, mu yi kabbara, mu watse. Alhali haƙƙi ƙafa uku gare shi: mai shi, da wanda ake bin sa, da wurin da za a kai ƙara a karɓo. In babu ta ukun, abin da ya rage wa'azi ne. Ƙissar Umar ba don daɗin lafazinsa ta zama hujja ba, sai don Bakibɗen ya sami ƙofar da zai ƙwanƙwasa aka buɗe masa. Ina wannan ƙofa a yau? Ministocin ƙasashen Musulmi sun fitar da sanarwar Alƙahira a watan Agusta na 1990 mai sassa 25, suka ce komai nata yana ƙarƙashin Shari'a; a 2020 aka amince da sabuwa a taron Yamai. Madalla. Amma ko ɗaya ba ta zo da kotun da talaka zai gurfanar da shugaba ba, kuma da yawa daga gwamnatocin da suka sa hannu su ne gidajen yarinsu ke cike da malamai. Irin waɗannan shugabanni ba abin da ya fi musu daɗi kamar su ji an ce haƙƙin ɗan Adam kayan Nasara ne. Wa'azin malaminmu kyauta ce ya kai musu har gida ba tare da ya sani ba.

Mu kalli cikin gidanmu. Mun zargi Jefferson da bayi, to Saudiyya ba ta haramta bauta ba sai 1962, Muritaniya sai 1981. A ƙasar Nijar, a 1996, aka sayar da wata yarinya 'yar shekara 12, Hadijatou Mani, kan sefa dubu 240 ga wani mai mata huɗu, a matsayin wahaya, wai mace ta biyar, aka kuma shafa wa abin man addini. Da ta sami takardar 'yanci ta auri wanda take so, sai kotu ta yanke mata wata shida bisa zargin aure kan aure. Wa ya ƙwato mata haƙƙinta? Kotun ECOWAS ce, a zamanta na Yamai a watan Oktoba na 2008, ta kama gwamnatin Nijar da laifin gazawa wajen kare ta, ta umarci a biya ta sefa miliyan 10. Wallahi kamata ya yi kunya ta rufe mu, mu da muke da'awar yaƙi da bidi'a, a ce wannan aiki ba daga mumbarinmu ya taso ba.

A Nijeriya kuwa jarrabawar ta zo ta wata fuska. A 2009 aka kashe Muhammad Yusuf a hannun 'yan sanda ba tare da shari'a ba, da yawa suka ce Allah ya ƙara; kowa ya ga irin wutar da ta biyo baya. A watan Disamba na 2015 aka yi abin da aka yi a Zariya, har jami'in gwamnatin Kaduna ya shaida wa kwamitin bincike cewa an binne gawa 347 a rami guda. Akwai 'yan'uwan da suka yi shiru, akwai ma waɗanda suka yi murna, domin aƙidar waɗanda aka kashe ta saɓa wa tasu. Saɓanin aƙida abu ne da ake yi da hujja da alƙalami. Amma wanda ya yarda a kashe abokin saɓaninsa ba tare da alƙali ba, ya sa hannu ne a kan ƙa'idar da za a yi aiki da ita a kansa ranar da gwamnati ta sauya fuska, kuma waɗanda suka ga zamanin dokar soja mai lamba 2 ta 1984, wadda ta halatta tsare mutum ba shari'a, sun san ba ta tambayar ɗariƙa ko ƙungiya.

Babi na huɗu na tsarin mulkin 1999 ya jero haƙƙoƙin nan, kuma asalinsu shawarar kwamitin Willink ne na 1958, wanda aka kafa saboda fargabar ƙananan ƙabilu. Ilimi da lafiya da abinci an tura su babi na biyu, inda aka ce kotu ba ta da hurumi, wanda shi ma zalunci ne da za mu yi magana a kansa wata rana. Amma sashe na 35 a fili yake: wanda aka kama, a kai shi kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu cikin nisan kilomita 40, in babu cikin kwana biyu. Duk da haka kusan kashi biyu cikin uku na mazauna gidajen yarin ƙasar nan jiran shari'a suke yi. Ɗan dattijon nan ɗaya ne daga cikinsu. Na tambayi uban ko ya taɓa jin sashe na 35, ya ce mini a'a, kuma shekara 30 ke nan yana zama a sahun gaba na wannan masallaci.