Daga Aji Zuwa Gareji: Ranar Da Muka Sauke Tankin Mai

 Duk lokacin da aka yi mana hutu a jami'a, nakan koma garejin kawuna da ke Kawo in ɗan taya shi aiki. A hutun da ya wuce na ga wani aiki da ya tuna mini darasin kimiyyar da muka yi a aji biyar, shi ne na ce bari in kawo muku shi yau.

Wata Asabar da hantsi aka janyo wata a-kori-kura da igiya. Direbanta yana ɗaukar kayan gwari ne zuwa kasuwa, motar ta mutu masa a hanya. Idan an murɗa makulli injin yana juyawa, amma ba ya tashi. Direban ya riga ya yanke hukunci cewa famfon mai ne ya ƙone, yana kuma sauri, domin duk yinin da mota ta yi a gareji asara ce gare shi. Ni kuwa sai na rarumi sifana zan shige ƙarƙashin motar. Kawu ya ce, "Ina za ka?" Na ce, "Tanki zan sauke, Kawu." Ya ce, "Wa ya gaya maka famfon ne? Ajiye sifanar nan ka zo ka saurara."

Bari in yi muku bayanin famfon tukuna. Tanki yana can baya, injin yana gaba, don haka dole a sami abin da zai turo fetur ta cikin bututu. Tsofaffin motoci masu kabireta, irin Peugeot 504 da aka riƙa haɗawa a nan Kaduna a kamfanin da ya fara aiki a Kakuri a 1975, famfonsu yana jikin injin, injin ne ke motsa shi. Motocin yanzu masu injekta suna buƙatar mai da ƙarfi sosai, sai aka koma famfo mai aiki da lantarki, aka tsoma shi cikin tankin kansa. Fetur ɗin da yake iyo a ciki shi ne ke sanyaya shi. Wasu ƙananan motoci, kamar Corolla, suna da ɗan murfi a ƙarƙashin kujerar baya da za a buɗe a zaro famfon. A-kori-kura kuwa tankinta yana ƙarƙashin bodi, sai dai a ɗaga bodin ko a sauke tankin.

Sauke tanki aiki ne mai cin lokaci da ƙarfi, shi ya sa Kawu ya fara da abubuwa masu sauƙi. Ya sa ni na kanga kunne kusa da bakin tanki, ya murɗa makulli ba tare da ya tayar da motar ba. Lafiyayyen famfo yakan yi 'yar ƙara ta kamar daƙiƙa biyu. Shiru muka ji. Ya duba fiyus, lafiya lau. Ya musanya rile da wani irinsa, babu canji. Sannan ya ɗauko mita ya gwada wayar da ke shiga tankin, ya ga wutar batir, bolt 12, tana isa wajen. Wuta na zuwa, famfo ba ya motsi. Sai a lokacin ya yarda da maganar direba. Ya gaya mini cewa ya sha ganin an sauke tanki, an sayi sabon famfo, ashe fiyus ne na 'yan kuɗi kaɗan ya ƙone.

Da aka zo saukewa, abu na farko shi ne cire wayar batir. Na biyu, zuƙe man da ke ciki da famfon hannu zuwa jarka, aka rufe ta aka kai inuwa nesa da mu. Dalilin zuƙewar lissafi ne kawai: litar fetur ɗaya tana da nauyin kusan kilo 0.74, ke nan lita 60 ta haura kilo 44, ban da nauyin tankin, kuma mai yana tangaɗi idan an karkata shi. Daga nan aka sa wa tayoyi waigi, aka ɗaga motar aka tokare ta da ƙarfe, domin ba a shiga ƙarƙashin mota jak kaɗai na riƙe da ita. Muka kwance tiyon da ake zuba mai, muka tallafi tankin da jak da katako, muka kwance notocin ɗamarar ƙarfen da ke riƙe da shi. Muka sauke shi kaɗan, muka cire bututun mai da wayoyi, sannan muka ƙarasa da shi ƙasa. Kafin a buɗe, Kawu ya sa na goge ƙurar saman tankin tas, don kada ƙasa ta faɗa ciki ta kashe sabon famfon.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda fuskar Kawu ta canza bayan tankin ya zama fanko. Ya aika aka roƙi mai walda da ke maƙwabtaka da mu ya dakata. Ya kori wani da ya matso da taba a hannu. Ya jawo tukunyar kashe gobara kusa. Na ce, "Kawu, ai babu mai a ciki." Ya ce, "Yanzu ne ma ya fi haɗari."

Gaskiya ya faɗa, kuma littafin kimiyyarku zai ba shi shaida. Abin da ke kama wuta shi ne tururin fetur idan ya gauraya da iska. Yana kamawa ne idan ya kai tsakanin kusan kashi 1.4 zuwa 7.6 cikin ɗari na iskar wajen. A rufaffen tanki mai fetur a ciki, tururin ya yi yawa, iskar oksijin ta yi kaɗan, shi ya sa famfon lantarki ke zaune a ciki shekara da shekaru ba ya tayar da gobara. Amma da zarar an zuƙe man an buɗe tankin, iska ta shiga, gaurayen zai iya faɗawa daidai wancan ma'auni, tartsatsi guda ya isa. Ga shi kuma tururin ya fi iska nauyi, yana kwanciya a ƙasa, ya gangara cikin rami ko kwata, ido ba ya ganinsa. Ku tuna abin da ya faru a garin Majiya na jihar Jigawa a watan Oktoban 2024, inda tankar mai ta faɗi, jama'a suka taru kwasar fetur, wuta ta tashi ta hallaka sama da mutum 150. Allah ya jiƙansu. Idan kuka ga fetur ya malala, ku yi nesa, ku kuma ja na kusa da ku.

Da muka zaro famfon, rariyar da ke gindinsa ta toshe da laka da tsatsa. Direban ya amsa cewa tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, bai ƙara cika tanki ba, kullum a kan rizab yake tafiya, wani lokacin ma a galan yake saye a bakin titi. Babu wanda ya ga laifinsa, halin rayuwa ne. Sai dai famfon da mai bai rufe shi ba yana ɗaukar zafi, yana kuma zuƙar iska a kwana da gangare, ga dattin man galan. Kawu ya ba shi shawarar ya yi ƙoƙari kada allura ta riƙa sauka ƙasa da rubu'in tanki. Aka wanke tankin, aka aika Panteka aka sayo famfo da rariya da sabuwar robar baki, aka mayar. Muka murɗa makulli sau uku don mai ya cika bututu, muka leƙa ko akwai yoyo, sannan aka tayar. Kafin la'asar motar ta bar gareji.

Kawu bai wuce firamare ba, amma abin da ya yi a ranar shi ne abin da malaminku na kimiyya ke kira gwaji: ka yi zato, ka gwada shi, ka fara da mai sauƙi, kada ka yanke hukunci sai da hujja. Ni da ke jami'a ni ne na yi gaggawa. Don haka duk wanda ke zuwa koyon sana'a bayan an tashi makaranta, namiji ko mace, ya riƙe littafinsa ya kuma riƙa tambayar ogansa dalilin kowane mataki. Wannan aiki dai ba na gwadawa a gida ba ne, kuma kada wanda ya sa ku zuƙar fetur da baki ta tiyo, domin idan ya sarƙe ku ya shiga huhu yana iya kisa.

Ga aikin gida: tanki yana ɗauke da lita 45 na fetur, shi kansa tankin kilo 12 ne. Kilo nawa jak zai tallafa? Ku aiko da amsa tare da sunan makarantarku. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.