A buɗe wa tsofaffi taga

Da hunturu ya kama a ƙauyukan Gwarzo da Kabo, dattawa kan shige ɗaki da kaskon garwashi, su toshe 'yar tagar da tsumma, su ja ƙyaure. Gawayin da ke ci a rufaffen ɗaki yana fitar da iska mai guba marar wari. Tana sa ciwon kai da jiri, tana ma kashe mai barci. Ga hayaƙin maganin sauro, ga tsoho da asma ko tarin fuka.

Gyaran ba tsada: taga biyu masu kallon juna, a sa musu raga. 'Ya'ya da jikoki, ku saya wa Baba da Inna bargo, ku fitar da kaskon kafin su kwanta.