An Tashi Wasa Kafin Mu Shigo Fili

Duk shekara idan Satumba ta kama, masu shagunan gem a Birnin Kudu da Gwaram sai su shiga lissafi: kuɗin man janareta, kuɗin data, da kuɗin sabon wasan ƙwallon da samari za su fara tambaya. Su kuwa samarin sun riga sun gan shi. Sun kwana suna kallon wani a YouTube yana buga shi, yana buɗe katunan 'yan wasa yana ihu, tun kafin ranar da aka ce za a sake shi ga kowa.

Wasan FC 25 na kamfanin EA ya fito ranar 27 ga Satumba, 2024, a kan dala 70. Wanda ya biya dala 100 ya shiga tun 20 ga watan. A canjin lokacin dala 100 ta haura naira 150,000, fiye da mafi ƙarancin albashi na wata biyu ke nan. Manyan masu yaɗa wasa kai tsaye kuma nasu tsarin daban ne, kamfani ke miƙa musu wasan da wuri. Iya buga shi ba ya cikin sharaɗi. Jama'ar da ke bayansu ake so.

Wani zai ce, to mene ne a kwana bakwai? Mai faɗin haka bai taɓa shiga Ultimate Team ba. Cikinsa akwai kasuwa sukutum, inda ake saye da sayar da katunan 'yan wasa. Duk wanda ya taɓa cin kasuwar Sara ya san bambancin mai sammako da wanda ya iso bayan la'asar. Na farkon sukan kwashi kaya da araha, su jira cunkoso su sayar. Kafin yaron Gwaram ya gama sauke wasan da guntuwar datarsa, sun haɗa ƙungiya, sun laƙanci salon da ke ci. Sai a haɗa su a fili ɗaya, a kira abin gasa.

Akwai abin da ya fi wannan ciwo. A Afrilun 2020, da kamfanin Riot ya buɗe gwajin Valorant, hanyar samun izinin shiga ita ce ka zauna kallon masu yaɗawa a Twitch, ko Allah zai sa rabonka ya faɗo. Masu kallo sun kai miliyan 1.7 a lokaci guda. Data taka ce, caji naka ne, suna da kuɗin talla na wani. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. A nan kuwa, inda aka amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a Janairun 2025, awa ɗaya ta kallo abincin rana ce ta wani ɗalibi.

Kuma wa ya ce wanda aka ba kyauta zai faɗi aibin kaya? Maroƙi ba ya kushe rigar da aka jefa masa a gaban mai ita. A 2016 hukumar kula da ciniki ta Amurka ta kama kamfanin Warner Bros. da biyan 'yan YouTube, har da PewDiePie, su yabi wasan Shadow of Mordor ba tare da an bayyana wa masu kallo yadda ya kamata cewa talla ce ba.

Na san amsarsu: kayansu ne, talla halal ce. Gaskiya ne, su yi tallarsu. Amma a rubuta ɓaro-ɓaro cewa wannan mutum kyauta aka ba shi. Duk abin da ya tara a kwanakin ɗanɗano a share shi ranar fitowa. Kasuwar katuna da wasannin hawa mataki a buɗe su rana ɗaya, awa ɗaya, ga mai tashar miliyoyi a Landan da ga mai shago a Birnin Kudu da ya shekara goma yana sayen kowane sabon fitowa, yana kashe janareta ƙarfe goma don mai ya kai shi gobe.