Kafin Ka Bari A Taɓa Ƙwaƙwalwar A-Kori-Kurarka



Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, duk mai a-kori-kura a nan Legas ya koma lissafin lita. Masu ɗauko kaya daga Mile 12, masu kai siminti da rodi wuraren gini, da masu zuwa gida Arewa da lodi, kowa neman hanyar rage shan mai yake yi. A cikin wannan hali ne tallar "gyaran ƙwaƙwalwar mota" ta yawaita. Wani zai nuna maka 'yar na'ura kamar wayar hannu, ya ce da ka jona ta motarka za ta ƙara ƙarfi ta rage shan mai. Wani kuma zai zo da kwamfuta ya ce shi zai rubuta wa injinka saiti na musamman. 'Yan uwa da dama sun tambaye mu wanne ya fi, shi ya sa muka ga ya dace mu faɗi matsayarmu.

Matsayar ita ce: motar da ake neman abinci da ita, idan lafiyarta ƙalau, a bar ta da saitin kamfani. Idan kuma akwai dalilin da ya sa dole a canja, to saitin da ƙwararre ya auna a kan motarka da man da kake sha ya fi wanda aka ƙunso a cikin na'urar hannu daga Amurka. Ga dalilanmu.

Ƙwaƙwalwar mota, wadda makanikai ke kira biren bos, ita ke yanke yawan man da za a fesa wa injin, da lokacin da fulogi zai ba da wuta, da ƙarfin iskar da tabo zai tura idan motar mai tabo ce. A mota mai giyar otomatik, akwai kuma saitin lokacin canja giya. Tun daga motocin 1996, dokar Amurka ta wajabta a sa wata kafa mai ramuka 16 a ƙarƙashin sitiyari, ana kiran ta OBD-II. Ta wannan kafa ake karanta matsalar mota, kuma ta nan duk hanyoyin biyu ke shiga su canja lissafin kamfani.

Na'urar hannu, irin ta Superchips, SCT, DiabloSport ko Bully Dog, tana zuwa da saiti uku ko huɗu da aka riga aka shirya: na ƙarin ƙarfi, na jan tirela, na tattalin mai. Kai dai zaɓa za ka yi ka danna. Saiti na musamman kuwa mutum ne ke zama da manhaja irin HP Tuners ko EFILive, ya karanta bayanan injin yana aiki, ya gyara lissafin kaɗan-kaɗan, ya sake gwadawa. Bambancinsu kamar na rigar kanti ne da wadda tela ya gwada ka ya ɗinka.

Matsala ta farko ita ce man fetur. A gidan mai na Amurka akwai fetur kala uku, an rubuta 87, 89, da 91 ko 93. Waɗannan lambobi awon oktan ne, wato juriyar fetur ga matsi da zafi kafin ya kama da kansa. Amurka na amfani da ma'auni daban da namu: 87 ɗinsu ya yi daidai da kusan 91 a ma'aunin da ake amfani da shi a nan, 93 ɗinsu kuwa kusan 98 ne. Mu a gidajen manmu fetur kala ɗaya ake sayarwa, kuma shi ne wanda ya yi kusa da mafi ƙanƙanta a cikin nasu. To ƙarin ƙarfin da ake tallatawa a jikin kwalin na'urar, mafi yawansa yana cikin saitin 91 da 93 ne, na man da famfonmu ba ya bayarwa.

Idan aka sa wa mota wannan saiti, fulogi zai riƙa ba da wuta da wuri. Da man da bai kai ba, ragowar fetur ɗin da ke cikin silinda sai ya fashe da kansa maimakon ya ƙone a hankali. Shi ne ƙarar nan da ake ji kamar tsakuwa a gwangwani idan an taka totur a hawa. Injin yana da na'urar da ke jin wannan ƙara ta ja lokacin wuta baya, sai ƙarfin da ka biya kuɗi dominsa ya ɓace. Idan abin ya fi ƙarfinta, fistin da zobensa da gaskit ne za su ɗauki duka. Zafin rana, cunkoson titi da lodi mai nauyi duk suna ƙara wannan haɗari, kuma su ne abincin yau da kullum na motocinmu. Ba mu manta da watan Fabrairun 2022 ba, lokacin da fetur mai yawan sinadarin metanol ya shigo ƙasar nan ya ajiye motoci da yawa a Legas da Abuja. Kamfani yana barin rata a lissafinsa saboda irin wannan rana. Saitin ƙarin ƙarfi wannan ratar yake cinyewa.

Matsala ta biyu, waɗannan na'urori an yi su ne musamman domin motocin kasuwar Amurka: Ford F-150, Chevrolet Silverado, Ram da makamantansu. Hilux, wadda ita ce akasarin 'yan uwanmu ke aiki da ita, ba a sayar da ita a Amurka. Duk wanda ya ce na'urarsa tana yi wa kowace mota, ka tambaye shi ya nuna maka sunan motarka da shekararta da lambar injinta a jerin da kamfanin ya fitar. Sannan injin fetur mai lita 2.7 na Hilux ba shi da tabo. Injin da ba shi da tabo, ƙarin da saiti zai ba shi ɗan kaɗan ne. Abin da direba ke ji ya ce mota ta farka, sau da yawa totur ne kawai aka sa ya riƙa amsawa da sauri.

A injin dizal mai tabo ne saiti ke kawo ƙarin ƙarfi na gaske, kuma a nan haɗarin ya fi girma. Ƙarin mai yana nufin ƙarin zafi a hanyar salansa. Mota ɗauke da buhuna tana hawa mai tsawo, zafin nan zai iya cin tabo ko ya narka saman fistin. Kuloci da giyabos ma an ƙera su ne daidai ƙarfin da kamfani ya sa. Baƙin hayaƙin da wasu ke alfahari da shi kuwa, man da ka saya ne yake fita bai ƙone ba.

Masu goyon bayan na'urar hannu suna da hujjoji, kuma ba mu raina su ba. Ta fi araha. Tana ajiye saitin kamfani a cikinta, duk ranar da ka ga dama sai ka mayar. Tana karanta lambobin matsala idan fitilar injin ta kama, ta hana a yi maka canje-canjen kayan gyara a kan zato. Idan ka sa tayoyi manya, tana gyara agogon gudu ya koma daidai. Domin waɗannan ayyuka, mai F-150 ko Silverado bai yi asara ba idan ya saya, muddin bai wuce saitin 87 ba. Amma a kula: na'urar tana ɗaure kanta da lambar shasi ta motar da aka fara sa mata. Idan ka sayi ta hannu kuma mai ita na farko bai mayar da motarsa saitin kamfani ba, ba za ta yi maka aiki ba. Haka nan motar tokumbo na iya isowa da saitin man 93 a cikinta, na'urar da ta sa shi kuma ta zauna can Amurka. Wanda ya sayi irin wannan mota yana jin ƙarar da muka faɗa, ya sa a duba masa wannan.

Hujja mafi ƙarfi a kan saiti na musamman ita ce ƙarancin masu iyawa. Ba duk mai kwamfuta a gareji ne ƙwararre ba. Wasu fayil kawai suke saukowa daga intanet su zuba, wanda ya fi na'urar hannu muni, domin babu kamfani a bayansa, wani lokaci ma babu hanyar komawa. Saboda haka kafin ka miƙa makulli, ga abin da za ka nema. Ya fara kwafe saitin kamfani ya ba ka shi a hannunka. Ya tambaye ka aikin da motar ke yi da nauyin da take ɗauka. Ya fita da ita titi, ko ya ɗora ta a na'urar gwajin ƙarfi, yana duban bayanan injin kafin gyara da bayansa. Ya tabbatar batir na da caji sosai, domin wuta ta yanke ana tsakiyar rubutu na iya kashe ƙwaƙwalwar gaba ɗaya. Wanda ya yi maka alkawarin ƙarin ƙarfi mai yawa da ragin mai mai yawa a lokaci guda, bai ko buɗe bonet ba, ka riƙe kuɗinka. Mai sabuwar mota kuma ya sani cewa taɓa ƙwaƙwalwa na iya ɓata garantin dila.

Akwai abu ɗaya da muke roƙon kada kowa ya yarda da shi ta kowace hanya: cire iyakar gudu. Saiti ba ya ƙara wa burki ƙarfi, ba ya ƙara wa taya juriya. A-kori-kura mai lodi ba ta tsayawa inda mara lodi ke tsayawa, kuma a kan titin akwai iyalan mutane.

Ga mai neman rage shan mai, a fara da abin da ke kusa: filtar iska, fulogi, nozul, na'urar auna iskar salansa, iskar taya, burkin da ke riƙewa, da lodin da ya wuce ƙima. Sannan a cika tanki, a rubuta kilomita, a sake cikawa a raba. Wanda bai san lita nawa motarsa ke sha a kilomita 100 ba, ba zai iya sanin ko wani saiti ya amfane shi ba.

A isar da wannan saƙo ga direbobinmu da ba sa hawa Facebook. Allah ya tsare mana dukiyoyinmu, ya kai kowa gida lafiya.

Sakatare, a madadin shugabannin ƙungiya.