Tsohuwar Windows Da Sabuwar Manhaja: Arahar Da Ke Cin Jari A Gubi

Duk wanda ya ratsa shagunan buga takardu da ke yi wa ɗaliban Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa hidima a mazauninta na Gubi, musamman a lokacin rajista ko lokacin miƙa kundin kammala karatu, ba zai rasa ganin kwamfutar da ke aiki da Windows 7 ba. Wannan babbar manhaja, wato wadda ke tafiyar da na'urar baki ɗaya, ta fito ne a shekarar 2009, kuma kamfanin Microsoft ya janye hannunsa daga kula da ita ranar 14 ga Janairu, 2020. Tsufanta ba shi ne kaɗai abin damuwa ba. Babban abin damuwa shi ne al'adar da ta yi kanta a tsakanin masu shaguna da masu gyara, ta tilasta wa sabuwar manhaja zama a kan tsohuwar Windows ba tare da an ɗora gyare-gyaren da aka gindaya a matsayin sharaɗi ba.

Ga yadda al'amarin kan kasance. Mai shago ya sayi sabuwar na'urar buga takardu, ko kuma yana bukatar wata manhajar lissafi ko ta zane. Da aka zo ɗorawa sai kwamfuta ta ƙi, ta fito da saƙo cewa wani fayil mai suna api-ms-win-crt-runtime ya ɓata. Asalin matsalar a fili take. Tun shekarar 2015 Microsoft ya mayar da wannan ɓangare cikin jikin Windows, ya kuma aika wa masu Windows 7 shi ta cikin gyara mai lamba KB2999226, wanda shi ma ba ya hawa sai an riga an ɗora babban kunshin gyara na Service Pack 1 da ya fito a 2011. Maimakon a bi wannan tsani daki-daki, sai mai gyara ya shiga intanet, ya sauko da fayil ɗin guda ɗaya daga wani shafin da ba wanda ya san mai shi, ya jefa shi cikin na'ura. In an yi sa'a manhaja ta buɗe, a biya shi ladansa, kowa ya kama gabansa.

Akwai wadda ta fi wannan muni. A shekarar 2019 Microsoft ya sauya irin hatimin da yake buga wa manhajojinsa zuwa tsarin SHA-2, domin tsohon hatimin ya yi rauni har ana iya yin jabunsa. Windows 7 ba ta gane sabon hatimin sai an ɗora mata gyara mai lamba KB4474419. Na'urar da ba ta samu wannan ba sai ta riƙa ƙin karɓar ingantacciyar manhajar haɗa firinta, wadda masu gyara ke kira direba, har ma da wasu manhajojin rigakafin ƙwayar cuta. Maganin da aka saba yi shi ne a kashe binciken hatimin ɗungurum. Wato saboda mai gadi ya kasa gane katin shaidar ma'aikaci guda, sai aka sallami mai gadin aka bar ƙofa a wangale.

Adalci ne a faɗi cewa ba wauta ce ke sa masu shaguna yin haka ba. Tun bayan cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin kunna janareta ya ninka. A watan Yuni na wannan shekara aka saki darajar Naira, dalar Amurka da hukuma ke sayarwa wajen Naira 460 ta haura Naira 1,500 a farkon 2024, alhali kuwa kowace kwamfuta, sabuwa ko ta gwanjo, da dala ake shigo da ita. A watan Janairu na 2025 kuma Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin ɗari. Mutumin da ribarsa ke fitowa daga shafi-shafin takarda, ba abin mamaki ba ne ya kashe sabuntawar da za ta cinye masa data, ta kuma tsayar masa da aiki layi na jira. Wani kuma Windows ɗinsa ba ta da lasisi, yana tsoron kada sabuntawa ta tona masa asiri.

Sai dai duk da haka lissafin bai fita ba. A ilimin tattalin arziki, duk kayan aiki yana da ragin daraja da ake warewa kuɗi shekara-shekara. Mai motar haya tsakanin Bauchi da Ningi ya san wannan sarai ko da bai taɓa shiga aji ba, domin yakan ajiye na taya da na juyen mai. Mai kwamfuta ne kaɗai ke ɗaukar cewa muddin allo na kawo haske, to jarinsa na nan daram. Gaskiyar magana ita ce manhaja tana tsufa ko da ƙarfen da take ciki bai lalace ba, kuma kuɗin da aka ƙi kashewa yau bashi ne wanda ba a rubuta a littafi ba.

Duniya ta ga yadda ake biyan irin wannan bashi ranar 12 ga Mayu, 2017, lokacin da ƙwayar WannaCry ta kulle kwamfutoci fiye da 200,000 a ƙasashe kimanin 150, tana neman fansar dala 300 a kan kowace na'ura. A Ingila, hukumar lafiya ta NHS ta soke ganin likita kusan 19,000, gwamnati kuma ta ƙiyasta asarar da fam miliyan 92. Abin lura ga ɗan kasuwar Bauchi shi ne, Microsoft ya riga ya fitar da facin da ke toshe wannan kafa tun watan Maris na shekarar, kyauta, kuma mafi yawan na'urorin da aka kama Windows 7 ce a kansu, wadda a lokacin ana kan kula da ita. Ba rashin magani ne ya kayar da su ba, rashin sha ne. In haka ta faru a kan manhajar da ke da mai kula da ita, to ina ga wadda aka yi watsi da ita tun 2020?

Har ila yau, harkar kuɗi ta riga ta koma intanet. Tun da aka tilasta asusun bai-ɗaya na gwamnatin tarayya a 2015, kuɗin makaranta a jami'o'in tarayya ya koma bi ta Remita. A 2021 hukumar tara haraji ta tarayya ta buɗe TaxPro Max domin shigar da bayanan haraji, rajistar kamfani ma ta intanet ake yin ta. Duk waɗannan ta manhajar shiga intanet ake isa gare su, ga shi kuwa Chrome 109, wanda ya fito a Janairun 2023, shi ne na ƙarshe da ke hawa Windows 7. Saboda haka shagon da ke biya wa ɗalibi kuɗin rajista a kan irin wannan na'ura, yana shigar da lambar katin banki ne ta ƙofar da aka daina gyara makullinta.

A nan ne batun ya wuce na mai shago shi kaɗai. Shi ya ci ribar ƙin sabuntawa, amma haɗarin ya faɗa kan wasu: ɗalibin da ya soka filashinsa ya kwashi ƙwayar cuta zuwa kwamfutar malaminsa, da ma'aikacin da ya bar hoton katin NIN da takardar banki a cikin na'urar. Masana tattalin arziki na kiran wannan ɗora wa wani nauyin da bai ci ribarsa ba, kuma shi ne dalilin da kan sa hukuma shiga tsakani. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 ta ɗora wa duk mai riƙe da bayanan mutane alhakin tsare su, ta kuma tanadi tarar da kan kai Naira miliyan 2 ko kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar shekara, duk wanda ya fi yawa, ko ga ƙananan masu sana'a.

Yadda ake biyan mai gyara ma yana da nasa laifin. Ana biyansa ne da zarar manhaja ta buɗe, ba don na'ura ta zauna lafiya wata shida ba. Hanyar da ta dace tana cin sa'o'i, ta ratse kuwa mintoci kaɗan, ladan kuma ɗaya ne. In ta sake lalacewa, shi za a sake kira. Da masu shaguna za su koma yarjejeniyar wata-wata, inda ake rage ladan mai gyara duk ranar da na'ura ta tsaya, da an ga sauyi ba tare da wa'azi ba.

Matsalar kuma tana shirin sabunta kanta. Ranar 14 ga Oktoba, 2025, wa'adin Windows 10 ya cika. Windows 11 tana bukatar na'ura mai ɗauke da guntun tsaro na TPM 2.0, da ƙwaƙwalwar Intel ta zubi na takwas zuwa sama ko makamanciyarta, abin da ya fitar da mafi yawan kwamfutocin da aka ƙera kafin 2017. Kamfanin da ke son ƙarin wa'adi sai ya biya dala 61 kan kowace na'ura a shekarar farko, kuɗin kuma yana ninkawa duk shekara. Ofisoshin Turai da Amurka da suka zaɓi zubar da nasu, sanannen abu ne inda kayan kan nufa: kasuwar kwamfuta ta Ikeja, daga nan zuwa Kano da Bauchi. Mai saye ya kamata ya tambayi zubin ƙwaƙwalwar kafin ya tambayi farashi.

Ba wanda ke cewa a zubar da tsohuwar na'ura. Wadda ba a haɗa ta da intanet ba tana iya ci gaba da aikin bugun rubutu, a keɓe guda ɗaya mai cikakkiyar sabuntawa domin biyan kuɗi da rajista. Wadda ƙarfinta bai kai Windows 11 ba tana iya ɗaukar Linux Mint ko Ubuntu tare da LibreOffice, duka kyauta, ko da yake sai an ɗan sha wahalar koyo. Kukan tsadar data kuwa yana da sauƙin sharewa, domin ana iya sauko da gyare-gyaren sau ɗaya daga rumbun Microsoft Update Catalog, a zuba a faifai guda, masu shaguna su riƙa karɓa bi da bi.

Ita kuwa jami'ar, wadda aka kafa a 1980 a matsayin jami'ar fasaha, tana da ɗaliban kimiyyar kwamfuta da ke neman wurin koyon aiki a kowace shekara. Babu abin da zai hana ta tura su duba na'urorin shagunan da ke cikin harabarta sau ɗaya a kowane zango, ta kuma mayar da takardar wannan dubawa sharaɗin sabunta hayar shago.